Bututun badujala ya ƙi shiga ɗan'uwansa: a buɗa shi, a matse shi, ko a yanko masa zobe?

Duk wanda yake riƙe da kayan badujala a Kano, ko na makaranta ne ko na coci a Sabon Gari ko na 'yan sanda da sojoji, ya san wannan matsalar. Kayan nan yawancinsu gwanjo ne, wasu kuma sababbi ne masu araha na Caina da Indiya, kuma ba kamar kayan mota bane da zaka shiga kasuwa kace a baka silaid (bututun da ake ja ana turawa) na turampet kaza a miƙo maka. Abin da ake yi shine a ciro daga wadda ta mutu a saka wa mai sauran numfashi. To anan ake samun cikas, ko bututun ya ƙi shiga sam, ko ya shiga yana lilo iska na fita ta gefe. Daga nan sai shawara ta rabu uku, wani yace a buɗa ƙaramin, wani yace a matse babban, wani kuma yace a ƙyale su duka biyun a je gurin masu injin lez, wato injin da yake juya ƙarfe ana feƙe shi, su yanko zoben da zai haɗa su. Ni dai bari in faɗi inda na karkata tun yanzu: in gurin da za'a like ne da dalma, kuma tazarar ta wuce kaurin takarda biyu, zobe zan zaɓa ba sai an tambaye ni sau biyu ba. Amma akwai inda zoben baya aiki, shi yasa maganar take da tsawo.

Abu na farko, ka tantance wane irin haɗi ne a hannunka, don ba ɗaya suke ba. Akwai wanda ake likewa ya zauna har abada, kamar inda lanƙwasa ta haɗu da miƙaƙƙen bututu. Akwai wanda dole ya riƙa shiga yana fita, wato silaid na saita murya da ƙananan da suke jikin bawul, wato maɓallan da ake dannawa da yatsu. Sai kuma gurin da bakin busa yake zama, shi wannan ba miƙaƙƙe bane, yana tsukewa ne a hankali. Gurin liki yana son 'yar tazara, kamar 0.05 zuwa 0.1 na milimita, don dalma ta samu hanyar da zata bi ta zagaye. Shi kuwa silaid tazararsa bata wuce 0.025 zuwa 0.05 ba, kaga kenan bata wuce rabin kaurin takardar A4 ba, tunda ita takardar wajen 0.1 take. Wanda bai raba waɗannan biyun a kansa ba shine yake zuwa ya yi wa silaid aikin da ya dace da gurin liki.

Kuma dan Allah a auna. Ba da ido ba, ba da tef ɗin tela ba. Baniya kalifa, wato ma'aunin kauri da faɗin ƙarfe, mai nuna lamba bata da wani tsada in aka kwatanta da kuɗin turampet, kuma in baka da ita duk mai injin lez yana da ita. Ka auna wajen bututun da zai shiga, ka auna cikin wanda za'a shiga, kowanne ka juya shi ka auna ta fuska biyu ko uku, saboda sau da yawa bututun girmansa daidai ne, kawai dai ya taɓa faɗuwa ne bakin ya daina zama zagaye. Irin wannan ba buɗawa yake so ba, a zura masa sandar ƙarfe mai santsi daidai cikinsa a murza a hankali ya dawo. Haka in silaid mai ƙafa biyu ya ƙi shiga, gwada kowace ƙafa ita kaɗai tukunna. In kowacce ta shiga sumul amma tare sun ƙi, to ƙafafun ne suka karkace ba girman bane, kuma wanda ya ɗauko samfefa a wannan gaɓar ya gama da silaid ɗin.

Dalilin da yasa kayan wani kamfani basa shiga na wani kuwa, ba faɗin ciki kaɗai bane. Turampet ɗin Bach da aka fi sani faɗin cikinta 0.459 na inci ne, Yamaha ta ɗalibai kuma 11.65 na milimita, in ka lissafa kusan abu ɗaya ne. Amma kaurin bangon bututun kowa da nasa, wani ya kai rabin milimita wani bai kai ba, don haka ta waje sai kaga sun bambanta da ɗan abin da ido baya gani amma hannu yana ji. Turambon ma ya fi haka rikici, akwai 0.500, akwai 0.508, 0.525, 0.547, har 0.562 na mai babbar murya, duk na inci.

To mu fara da buɗawa, tunda ita kowa yake fara tunani. Ana yi ne da sandar ƙarfe mai tefa, kanta siriri tana ƙara kauri a hankali, a shafa mata giris a tura a cikin bututun ana juyawa, in ta kama a ɗan taɓa da gudumar katako. Masu gyara a Amurka da Jamus suna da abin buɗawa na musamman mai tsaga-tsaga da noti a baya, kana ɗaure notin yana kumbura a ciki, kamfanoni irin su Ferree's suna sayar da shi girma-girma. Daɗin buɗawa shine tana da sauri, bata ƙara nauyi, kuma ita ce mafi sauƙin maganin silaid da ya saki, domin bututun ciki yana fitowa a hannunka ka yi aiki a kansa, na wajen kuwa a like yake da jikin kayan. Kuma silaid suna saki a garin nan fiye da yadda mutane suke zato, ƙurar hunturu tana shiga giris ta zama abin goge ƙarfe, yaro yana ja yana turawa kullum ba'a wankewa, shekara kaɗan sai kaji silaid yana zamewa da kansa ana tsakiyar fareti.

Amma buɗawa tana da iyaka kuma iyakar a kusa take. Ƙarfen baya ƙaruwa, miƙa shi kake, kamar yadda mai gurasa take miƙa ƙulli, faɗi na ƙaruwa kauri na raguwa. Sannan bututun silaid tun daga kamfani jansa aka yi ta cikin rami da ƙarfin inji, wannan jan ya sa ya yi tauri. Tagullar da aka fi amfani da ita, mai kashi 70 jan ƙarfe kashi 30 tutiya, in tana da taurin nan bata miƙuwa fiye da wajen kashi 8 cikin ɗari kafin ta tsage, kuma wannan a sabon ƙarfe ne mara ko ƙwarzane. Tsohon bututu da ya sha yawu shekara da shekaru bazai kai ko kusa ba. Daga milimita 12.0 zuwa 12.1 bai kai kashi 1 ba, wannan ba matsala. Daga 12 zuwa 13 kuwa ka riga ka taka kashi 8, sai dai kaji ɗan ƙas, ka duba kaga siririn layi ya taso daga baki ya yi ƙasa. In kaga jajayen ɗigo-ɗigo a jikin bututu, musamman na farkon nan da bakin busa yake shiga, tutiyar ce ta zagwanye ta bar jan ƙarfe mai rauni, wannan ko kusa kada ka buɗa shi, canji yake so.

Wata matsalar kuma, sanda mai tefa bakin kawai take buɗawa, ya zama baki ya fi ciki faɗi. A gurin liki ba laifi, dalma zata cike. A silaid kuwa sai ya zama guri ɗaya ne yake kamawa, sauran jikin yana lilo, ka ji kamar ya matse amma iska tana nan tana fita. Silaid yana son a bi tsawonsa da sanda miƙaƙƙiya wadda ta fi cikinsa da ɗan ƙanƙanin abu, a gwada, a ƙara, a gwada. Ƙarfen yana ɗan komawa baya bayan an zare sandar, don haka kar ka yi mamaki in ka auna kaga bai kai abin da ka tura ba.

Nasan wani zai ce ai masu gyaran AC da firji suna da abin buɗa bakin bututu, me zai hana a kai musu? Suna da shi, kuma sun iya aikinsu. Sai dai kayansu an yi su ne da awon 1/4, 3/8, 1/2, 5/8 na inci, tsalle suke babba-babba, kuma don bututun jan ƙarfe mai laushi mai kaurin bango aka yi su. Bututun turampet bai faɗo a kan ko ɗaya daga cikin awon nan ba, ga tauri ga rashin kauri. In ka sa masa wancan fanc ɗin ka buga, gyaran gangar Auzinawa kawai za'a yi.

In dole sai an buɗa da yawa, to sai an gasa ƙarfen tukunna, kuma anan maƙeran fari na cikin birni, masu aikin tagulla da azurfa, sun fi kowa sanin kan abin. Ana ɗora wuta a kan bakin bututun a gurin da babu hasken rana sosai, ana juyawa, har sai ya fara wani ja mai duhu-duhu, wajen digiri 600 kenan, sai a ɗauke. Ko ka tsoma a ruwa ko ka bari ya huce da kansa duk ɗaya ne, tagulla ba kamar baƙin ƙarfe bace da ruwa yake sa shi tauri, ita duka da miƙa ne suke taurara ta. Bayan gashi tana iya miƙuwa sama da kashi 50, bambancin ba kaɗan bane. Amma dubi abin da ka biya: banish ɗin jiki ya ƙone, in mai ruwan azurfa ce ya lalace a gurin, sannan dalmar liki tana narkewa tun a digiri 183 zuwa 190, wato duk wani haɗi da yake kusa zai saki in baka naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma ba. Kuma bututun ya zama mai laushin da babban yatsa zai lotsa shi. Gurin liki zai jure haka tunda wani bututun zai rufe shi, silaid kuwa in ya yi laushi ya tashi daga aiki. Shi yasa ni bana gasa silaid. Wutar masu waldan kabaid kuma a kiyaye ta, zafinta ya haura digiri 3000, tagulla kuwa bata kai 1000 take narkewa, kafin kace a'a bakin ya zube, farin hayaƙin da kake gani yana tashi tutiyar ce take ƙonewa kuma shaƙarsa ba alheri bane. Ƙaramar wutar gas ta gwangwani ta isa.

Wani abu da ba'a cika faɗa ba, bututun da aka buɗa da ƙarfi ba tare da gashi ba yana iya tsagewa daga baya yana ajiye a akwati babu wanda ya taɓa shi. Sojojin Ingila a Indiya sun sha fama da wannan a kwanson harsashi da suke ajiyewa a bargar dawaki lokacin damina, sai a 1921 aka gano cewa iskar amoniya ta fitsarin dawakai ce take cin tagullar da aka takura. Don haka sitocin makaranta da yake jingine da banɗaki ko garken awaki ba gurin ajiye kayan busa bane, balle wanda aka taɓa buɗawa.

Matsewa ita ta fi wuya, kuma ita aka fi ɓatawa. Filaya, bais, ko a ɗaure a haƙoran injin lez guda ukun nan a matsa, duk abu ɗaya suke haifarwa, bakin ya fito da kusurwa-kusurwa, ya kama a guri biyu ko uku, sauran duk hanyar iska. Yadda ake yi na gaskiya shine a samu dunƙulen ƙarfe a huda masa rami mai ɗan tefa a bakinsa, a goge ramin ya yi sumul, a zura sanda a cikin bututun daidai girman da ake so ya tsaya, a shafa giris, sai a tura bututun cikin ramin. Ko kuma a ɗora a lez da sandar a ciki, yana juyawa ana danna shi da ƙarfe mai santsi. Sandar cikin nan ita ce komai, in babu ita bangon tattarewa yake. Inda matsewa ta fi buɗawa amfani shine bata cika tsaga ƙarfe ba kuma bangon ƙara kauri yake. Abin da ta gaza kuwa, tana rage hanyar iska a gurin, kuma sai an ƙera ramin da sandar musamman don wannan awon kaɗai. To in har zaka biya mai lez ya yanka maka abu biyu don ka matse bututu ɗaya, me yasa bazaka biya shi ya yanka abu ɗaya ba, wato zoben kansa?

Zobe ɗan guntun bututu ne, tsawonsa bai fi milimita 15 zuwa 20 ba, cikinsa awo biyu, gefe ɗaya daidai da wannan bututun ɗaya gefen daidai da wancan, kowanne ya shiga rabi su haɗu a tsakiya a like. Ba wani baƙon abu bane, duba turampet ɗinka da kyau, kamfanin ma da irin waɗannan zobban ya haɗa ta. Bututunka baka miƙa shi ba, baka gasa shi ba, zafin dalma kawai ya sha, kuma in zoben bai yi ba asarar ɗan guntun tagulla ce, a sake yanko wani. Wannan shine babban dalilina: a buɗawa da matsewa kuskure a jikin abin da baka da madadinsa yake sauka, a zobe kuwa a jikin abin da kasuwar Ƙofar Ruwa take cike da shi.

Sai dai ka je wa mai lez da bayani sosai, don shi ya saba da bushin na inji da ake bugawa da guduma ya shiga. Ka kai masa bututun biyu a hannu, kace Oga, so nake ya shiga da hannu ba da duka ba, amma kar ya yi lilo, bangon kuma kar ya wuce milimita ɗaya. In ka barshi da ra'ayinsa zai yanko maka wani ƙato mai kauri ya ce ai ya fi ƙarko. Ka ce masa kuma matakalar da take tsakiya ya kwantar da ita, kar ta tsaya tsaye, kuma bututun biyu su kai ga juna kar a bar rami a tsakani, nan ne datti da yawu suke taruwa. Sandar tagullar da masu lez suke yankawa yawanci mai ɗan dalma ce a ciki, wajen kashi 3, shi yasa take yankuwa da daɗi, amma bata son duka ko buɗawa, tsagewa take. Don haka a gama awonta a kan inji. In kana da matacciyar turampet ko turambon a sito, duba bututunta tukunna, sau da yawa zaka samu wanda ya hau ɗayan daidai, sai ɗaya gefen kawai za'a gyara.

Ka lura da tsawo. Turampet ta yau da kullum in aka miƙe ta wajen mita ɗaya da rabi ce, ƙarin santimita 8 zuwa 9 yana sauke muryarta da rabin mataki guda. Kenan santimita ɗaya ma mai kunne zai ji. In zoben ya ƙara tsawo, rage daga bututun, kuma da siririn zarto irin na maƙeran zinare, ba da abin yankan faif na masu famfo ba, don shi yana tura bakin ciki ya tsuke shi.

Inda zobe baya aiki kai tsaye shine silaid, tunda ba'a like abin da zai motsa. Amma ko nan akwai dabara, in silaid ɗin da ka samo ya bambanta da yawa, kada ka ɗauko na ciki kaɗai, ciro shi da na wajensa tare daga matacciyar, tunda su sun riga sun dace da juna, sai a haɗa na wajen da jikin taka da zobe. Aiki ne mai ɗan yawa don sai an saita ƙafafun biyu sun miƙe daidai kafin dalma ta kama, amma ya fi ƙarko nesa ba kusa ba.

Su tef ɗin famfo da zare da giris mai kauri, na fita kunyar rana ɗaya ne, in gobe fareti a naɗa a wuce gurin, zafin Afrilu kuma giris ɗin ruwa yake zama. Masu yanka gwangwanin lemo su cusa, alminiyom ne, dalma bata kama shi. In tazarar gurin liki ƙarama ce, siririn fallen tagulla da aka naɗa zagaye ɗaya yana yi. Cika babbar tazara da dalma zalla kuwa baya riƙewa, ita ba ƙarfi gare ta ba, kuma tana zuba ciki ta daskare a hanyar iska. Masu haɗa kakakin fada gaɓa-gaɓa da fallen ƙarfe suna da sassauci a awo da turampet bata da shi, don haka ko maƙerin gwani ne a wancan, ka tsaya a kansa da lambobinka.

Abu biyu kuma babu ɗaya cikin hanyoyin ukun da ta dace da su: doguwar silaid ɗin hannu ta turambon, wadda bututun cikinta yake da rufin kurom mai tsagewa in aka miƙa shi, da kuma bawul ɗin kansu. Gurin zaman bakin busa ma kar a buɗa shi don wani bakin ya ƙi shiga. Tefarsa ƙayyadadda ce, wajen 0.05 na inci a kowane inci, kuma na konet daban na turampet daban, turambon ma akwai mai ƙaramar ƙafa da mai babba. Mai ƙaramar ƙafa a babban gida akwai adafta da ake sayarwa, akasin haka kuwa sai dai a nemo bakin da ya dace.

Wajen likin kansa, in baka saba ba, tsofaffin masu gyaran lagireto sun iya tafiyar da dalma a jikin tagulla, sai dai ka roƙe su su rage wuta, su goge gurin ya yi fes kafin su fara, kuma ruwan asid ɗin da suke shafawa a wanke shi tas ciki da waje da ruwan ɗumi da sabulu a ranar, in ba haka ba sati biyu zaka ga kore ya fito. Kusa da bakin busa a nemi dalmar da babu gubar dalma a ciki, mai kuza da ɗan azurfa, tana narkewa wajen digiri 221. In an gama, toshe babban bakin da tsumma jiƙaƙƙe ko ƙwallon roba, danna bawul duka, shafa ruwan kumfa a kan haɗin, wani ya hura. In kumfa ta taso ko da guri ɗaya ne a mayar da shi wuta kafin a biya kuɗin aiki.